Madalla da Gidan Ƙarƙashin Tirela

A Turai da Amurka akwai wani ɗan ɗaki mai taya da ake ɗaura wa ƙaramar mota a baya. A ciki akwai gado da murhun gas da tankin ruwa, wani ma har da makewayi. Mai hali yakan saya ya ajiye a gida. In hutu ya zo sai ya ja iyalinsa su tafi bakin tafki ko gindin dutse, su kwana biyu, su dawo suna ba da labari. Kamfanin Airstream na Amurka tun shekarun 1930 yake ƙera irinsa. A 1959 mai kamfanin, Wally Byam, ya ja ayarin waɗannan ɗakuna daga Afirka ta Kudu har Alƙahira don duniya ta gani. Har mujallu gare su masu koya wa mutum yadda zai jera kwanukansa da bargonsa a ɗan ƙanƙanen wuri.

Allah sarki, bayin Allah! Da za su zo Gonin Gora, da sun san har yanzu 'yan koyo ne. Nan ce ƙofar Kaduna ta kudu, a ƙaramar hukumar Chikun. Manyan motocin da suka ɗauko hatsi daga Dawanau, ko shanu daga Maigatari da Wudil, ko tumatir daga Kura da Danja, da yawansu ta nan suke bi su nufi Abuja da Legas da Fatakwal. Su Turawa kwana biyu suke yi a tirelarsu, don nishaɗi. Namu direbobin da yaran motarsu a ciki suke tsufa. Wannan ci gaba ne da ya kamata a yaba wa waɗanda suka kawo mu gare shi, kuma tunda babu mujallar da ta kula, bari mu rubuta wa sabon shiga 'yan shawarwari.

Da farko, ɗan'uwa, ka san tsarin gidanka, domin bene ne mai hawa uku. Hawa na tsakiya shi ne kan mota, inda ɗan gadon nan yake a bayan kujera. Wannan na direba ne, kada ka sa masa rai. Hawa na sama kan kaya ne, za mu zo kansa. Kai yaron mota, turakarka tana ƙasa, tsakanin tayoyi. Babu mai tambayar ka kuɗin haya, babu dillali, babu mai gida da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a ƙarshen shekara, don ƙofar ma babu. Ina ka taɓa jin irin wannan rangwame a garin Kaduna?

Idan magariba ta yi aka faka a gefen titi, fara da sa waigi a taya, ka sa shi da kyau, domin rufin ɗakinka tan talatin ne ko fiye, kuma in ya motsa ba a yin gyara. Share tsakuwa da ƙafa, ka duba inda baƙin mai bai ɗiga ba, ka shimfiɗa kwali, ka ɗora tabarma. Gidan sauro, in kana da shi, ka ɗaure shi a ƙarfen bodi da igiyar da ta rage daga ɗaurin tamfol. Wayarka da 'yan canjinka su kwana cikin wando, takalminka ya zama matashi. Kada ka miƙe ƙafa ta ɓangaren kwalta, don masu wucewa da dare ba su san da kai ba. In damina ce, ruwa ba zai same ka ta sama ba, sai dai ya biyo ta ƙasa ya tashe ka, ga alwalar asuba ta zo har shimfiɗa. Lokacin hunturu kuwa, injin yakan riƙe ɗuminsa na ɗan lokaci bayan an kashe shi. Su can sai sun sayi na'urar ɗumama ɗaki.

Maganar girki ba ta da wahala. Risho ɗaya, tukunya ɗaya, jarka ɗaya. Shinkafa da wake, mai da yaji, an gama. Ranar da kuɗin abincin da mai mota ya bayar suka ƙare, alhali hanya ba ta ƙare ba, ga mai shayi nan, ka roƙe shi bashi. Kada ka damu don a saman kanka akwai buhun masara ɗari shida kai kuma cikinka yana kuka. Wannan tarbiyya ce, ana koya maka riƙon amana. In motarka tanka ce, sai ka ɗan matsa da rishon gaba kaɗan, domin ɗakinka ba ya son wasa da wuta. Mutanen mahaɗar Dikko, a kan wannan hanya dai, sun ga abin da tanka ke yi a Janairun 2025, ranar da wata ta faɗi ta kama wuta, mutum fiye da 80 suka ƙone.

Wanka da bayan gida kuwa, a nan ne aka fi gwada mana gata. Bature yana fama da ɗan tankin ƙazanta, yana neman inda zai zubar. Kai an ba ka daji gaba ɗaya, daga Kakau har Rijana da Katari. Ɗauki butarka ka zaɓi gindin bishiyar da ta yi maka. Sai dai kada ka yi nisa, saboda dajin yana da masu shi. Hannunka da ya sha giris ka wanke shi da ɗan fetur da omo, ruwan leda biyu kuma sun isa alwala da kurkure baki. Cikakken wanka ka bari sai an sauke kaya a Legas.

Sai barci. A Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai dai a ƙara masa awa guda sau biyu a mako. In ya yi awa huɗu da rabi, dole ya huta minti 45. Akwai na'ura a motar da ke rubuta duk wannan, jami'ai suna dubawa. Har ma sun hana direba yin babban hutunsa na mako, na awa 45, a cikin mota, sun ce kamfani ya kama masa ɗaki. Dubi ragwanci! Mu nan an san darajar namiji. Tumatir ba ya jira, shanu suna ramewa a tsaye, mai kaya yana buga waya, mai mota yana lissafin sawu. Ga goro, ga baƙin shayi, ga kofi, wanda abin ya fi ƙarfinsa kuma an san inda ake sayar da ƙwaya. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. In ya saci direba a gangara, sai a ce tsautsayi, a yi addu'a, a kawo wata motar ta kwashe abin da ya rage na kaya.

Yanzu mu hau bene. Hawa na sama shi ne masaukin baƙi, kuma nan ne alherin ya fi yawa. Matashin da zai tafi ci-rani Kudu, kuɗin motar fasinja sun gagare shi tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai ya biya kaɗan ya haye kan buhuna, ko ya zauna a katakon da aka gitta a saman shanu. Iska kyauta, kallon gari kyauta. Shawara a nan ita ce ka naɗe fuska da rawani saboda ƙura, ka sunkuya in an zo wayar lantarki, ka riƙe igiya ko da kana gyangyaɗi. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi cewa haramun ne a haɗa mutane da kaya ko dabbobi. Amma motar takan wuce shinge bayan shinge, kowa yana ganin kawuna a sama, a miƙa abin da aka saba miƙawa, a ɗaga hannu. Wannan shi ne zumunci. Ranar da ta kife, jarida za ta kawo adadi, a yi kabari ɗaya a gefen hanya, a huta da neman sunaye.

Kada mu manta da waɗanda suka ƙawata mana unguwa. A ƙarshen 2017 aka ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 375. Shekara bakwai bayan haka, a Nuwamban 2024, gwamnatin tarayya ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba a gama ba, ta sake bayarwa. Cikin waɗannan shekaru an haɗe motoci a hannu ɗaya, ramuka sun ci tayoyi da ƙarafa, mota ɗaya in ta faɗi sai dubbai su kwana. Wace hikima ta fi wannan? Da an gama hanyar da wuri, da direba ya isa gida ya dami iyalinsa da zama.

Jirgin ƙasa ma ya kyauta da ya ja gefe. Kakanninmu sun ga dogo ya isa Kano a 1911, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa teku. A Kakuri, maƙwabciyar Gonin Gora, an buɗe tashar kaya ta tudu a Janairun 2018. Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ita ma ga ta nan a Chikun, ta shekara da shekaru tana hutawa, don haka man da Arewa ke sha a bayan tanka yake zuwa daga Kudu. Da dogo yana ɗaukar kayan da ya kamata, da matatar tana aiki, ina za a samu wannan dogon jerin gidaje a Tafa da Mararraban Jos?

Tsaro kuwa ba a magana. A farkon 2024 'yan bindiga suka shiga Gonin Gora suka kwashi mutum 16, aka ruwaito sun nemi naira tiriliyan 40, kuɗin da suka fi kasafin Nijeriya na shekarar baki ɗaya. Mutanen unguwa, da baƙin ciki ya ishe su, suka fito suka tare hanya, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Wa ya kwana a layi? Direba da yaronsa. Tsofaffin direbobi kuma ba su manta da 2011 da 2012 ba, lokacin da rikicin gari ya sauko kan wannan titi, matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka rasa rayukansu. Mai gidan bulo yakan kulle ƙofa in gari ya rikice. Kai da aka hutar da kai daga ƙofa, sai ka riƙe addu'a.

To, gatse ya isa haka, domin abin ya wuce wasa. A ƙarshen Fabrairun 2021 dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu. Ba a yi mako guda ba farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a kasuwannin Legas, manya suka shiga rarrashi. Ranar ce ƙasa ta tuna cewa cikinta a kan tayar waɗannan mutane yake. Da aka sasanta, sai aka koma aka manta da su. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa karen mota waƙa tun shekaru aru-aru, ga shi har yau makwancinsa bai canza ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun iya yabon juriya, muna cewa direba namijin duniya ne. Yabon nan shi ne bargon da muke rufe sakacinmu da shi. Buhu yana da tamfol, saniya tana da mai lissafinta, mota tana da inshora, amma yaron da ke kwance a ƙarƙashinta, in ya mutu, wani lokaci ko lambar gidansu babu wanda ya sani.

Abin da ake bukata ba gagarau ba ne. Gwamnatin tarayya da ta Jihar Kaduna su samar da tashoshin manyan motoci a mashigar gari, masu katanga da fitila da ruwa da makewayi da wurin ibada da ɗakin kwana mai sauƙin kuɗi, da jami'an tsaro. Ƙungiyoyin NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG, masu karɓar kuɗin ƙungiya a kowane lodi, su nuna wa membobinsu abin da kuɗin suka gina. A ƙayyade awannin tuƙi, a hukunta mai motar da ya tilasta a ƙetare su. Jami'in da ya ga mutane a kan kaya ya ɗaga hannu, a tuhume shi da jinin da ya zuba. Alhaji mai mota, ka rubuta sunan yaron motarka, ka yanka masa albashi, ka ba da kuɗin abinci da za su kai shi su dawo da shi. Malamanmu da limaman coci na Gonin Gora da kewaye su riƙa faɗa wa matasa cewa matafiyi amana ne, kowane irin rikici ake yi.

Kai kuma mai karatu, in ka sa hannu a tuwo yau, ka sani wani ne ya kwana a kan kwali tsakanin tayoyi kafin hatsin ya iso gare ka. Haƙƙinsa yana wuyanmu duka, kuma Allah zai tambaye mu.