Jitar Adashi

Garin Jos yana da wata cuta da ba ta cikin littafin likita: kowa yana zaton akwai makaɗi a ɓoye a jikinsa. Ba laifin mutane ba ne. Garin da ya raini su P-Square da M.I da Ice Prince, inda Panam Percy Paul ya kafa sansani da jitarsa, inda ranar Lahadi da safe ba ka wuce layi biyu ba ka ji ana gwada lasifika ba, ai dole magidanci mai furfura a gemu irina ya wayi gari ya ce shi ma Allah ya yi masa baiwa, dama ce kawai bai samu ba.

Jitata ta farko wajen masu gwanjo na tsinto ta, can gefen Katako. Ba suna a goshinta, fenti ya koɗe, maɓalli ɗaya da salatif aka ɗaure shi. Aka haɗa ni da wata ƙaramar amfilifaya mai gurnani ko ba a taɓa ta ba. Kullum bayan isha'i sai in kunna YouTube in zauna. Wanda bai taɓa danna tsirkiyar ƙarfe da yatsu a hunturun Jos ba bai san azaba ba. Akwai wani haɗin yatsu da suke kira F, wanda sai ka shimfiɗa manuniya ta danne tsirkiya shida a lokaci guda. In na kama shi, abin da ke fitowa kamar akuya ce ta cusa kai a tukunya ta kasa fitarwa.

Na yi nazari mai zurfi, na gano mai laifi: jitar ce.

Daga nan na koma ɗalibin intanet. Na haddace cewa Gibson sun fitar da Les Paul a 1952, Fender suka fitar da Stratocaster a 1954, Squier kuma ƙanwar Fender ce da aka yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Na san irin katakon jiki da na wuya, na san maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi sauti. A teburin mai shayi ba mai ja da ni. Da na kwashi adashi, wanda ni da uwargida muka yi alkawarin na firiji ne, sai ƙafata ta kai ni wani shago kusa da Terminus.

"Alhaji, araha ba ta ado," in ji mai shagon. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa. Ya sauko da wata ja mai sheƙi, ya jona, ya ɗan yi yawo da yatsu a wuyanta, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na biya ko tayi ban yi ba. Sai a cikin Keke na tuna cewa yatsun ba sa cikin ciniki.

In za a faɗi gaskiya, mai tsada tana da ranarta. In ka saita ta, tana nan a saite har gobe. Tsirkiyarta kusa take da wuya, ba sai ka yi kokawa ba. Ƙarafunan wuyan ba sa yankar hannu ko da iskar hunturu ta busar da katako. Gurnanin nan ma babu. To nan fa asirina ya tonu, don ashe gurnanin ne yake rufa mini shi. Yanzu kowane kuskure fes yake fita, har layin baya.

Uwargida ta leƙo, ta dubi jitar, ta dube ni. "Maigida, a ina ake sa ruwan sanyin?"

Wata Asabar yaron maƙwabcinmu, wanda ke kaɗa wa coci, ya shigo cajin waya. Ya hango tsohuwar a bayan ƙofa. "Baba, in gwada?" Ya kanne ido ɗaya ya dubi wuyanta, ya ciro wani ɗan mabuɗi ya murɗa, ya sassauko da tsirkiyoyin, ya goge tsatsa da tsumma. Sannan ya fara. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ita da ba ta taɓa fitowa domina ba sai don ta rufe ƙofa. Na miƙa masa sabuwar don in fanshe mutuncina. Kiɗan dai shi ne, sai ɗan tsabta da ya ƙaru.

"Baba, ai duka biyun lafiyarsu ƙalau," ya ce, cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo.

Kawuna da ya zo daga Bukuru ya ƙarasa ni. Ya tuna mini cewa Ɗan Maraya Jos, da aka haifa a garinsu a 1946 ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya: gwangwanin kifi, fata, tsirkiya ɗaya tal. Da ita ya yi wa karen mota waƙa har manya suka saurara. Na ce ai zamani ya canza, ga Mdou Moctar na Nijar can yana girgiza Amurka, kuma Fender ce a hannunsa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, shi ma ta farkonsa da wayar birkin keke ya haɗa ta."

Yanzu yaron ne ke ɗaukar jar jitar hayar biki, uwargida ke karɓar kuɗin, ana tara na firiji. Ni nake raka shi don tsaron dukiyata, ni nake ɗaukar amfilifaya, har an fara kirana Manaja. A wani biki a Rayfield aka ɗauke wuta, ya ba ni jitar in riƙe ya tafi wajen janareta. Tunda ba ta magana sai da wuta, na rataya ta, na lumshe ido, na shiga kaɗa kai ina zazzaga yatsu yadda na gani a bidiyo. Wata Hajiya ta taso ta liƙa mini ɗari biyar a goshi, ta buɗe jaka za ta ƙara. Ina tsakiyar F janareta ya tashi.