Bindigar da Ba Ta Son Sammako

Kawuna yana da mata biyu da bindiga ɗaya, kuma duk unguwarmu a Lolo an san wadda ta fi samun tarairaya. Sunanta Mai Doro, saboda wani ƙusumbi da ke bayanta kamar na tsohuwar da ta gaji da surfe. Wani Ba'amurke mai suna John Browning ne ya tsara irinta, aka fara ƙera ta a Beljiyam a farkon shekarun 1900. Harsashi biyar take ci. In ka taɓa kunama, ƙarfin harbin ya tura bututun baya, sifirin ya mayar da bututun, ta tofar da kwanso, ta ɗauki sabon harsashi da kanta. A garin da maharba suka saba da adaka, wadda sai ka ɗura ka daddanna kana addu'a, Mai Doro sarauniya ce. Lasisinta ma gwangwanin kansa gare shi a ƙarƙashin gado, tare da takardun gona.

A Disamban 2019 na zo hutu daga Birnin Kabi, na tarar da dinya ta addabi irin shinkafar ranin da Kawu ya yafa a fadamar Kwara. Muka yi sammako bayan Asuba, sanyin hunturu yana yanka kunne. Kawu ya durƙusa, ya auna, ya harba. Dam! Sai shiru. Kwanson ya leƙo rabi ya maƙale a gefen bindiga kamar taba a bakin ɗan tasha. Dinya ta tashi, ta yi shawagi, ta sauka can gaba kaɗan, ta ci gaba da karin kumallo.

"Wagga yarinya ba ta taɓa yi min haka ba," in ji Kawu. Yarinyar ta girme shi.

Da azahar ya kai ta bayan gari ya gwada a kan tsohuwar ƙwarya. Uku a jere, ras, ba gargada. Washegari da asuba ta sake ƙi. Kwana huɗu ana haka: da rana zakanya, da safe bazawara mai fushi.

Nan fa masana suka fito. Sarkin Baka ya juya ta a hannu, ya tofa mata addu'a, ya ce uban garken dinyar nan ba tsuntsu ba ne, kuma mutanen ɓoye da asuba suke kiwo. Maƙerin bakin kasuwa ya ce a ba shi ita da guduma minti goma, Kawu ya ce sai dai a fara da kansa. Amaryar Kawu ta ce ita dai ta san kowace tsohuwa tana fama da sanyin ƙashi a hunturu. Muka yi mata dariya, ni na fi kowa, alhali duk taron ita kaɗai ta kusa.

Ni kuwa ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma wannan ciwo ne da ba ya barin mutum ya yi shiru. Na fara da harsasan. Tsofaffi ne masu jikin takarda, an ajiye su kusa da randa, wasu sun kumbura kamar wake a ruwa. Na ce ga ɓarawon. Muka ware busassu. Da asuba ta ƙi. Na ce to sifirin ne ya mutu, na zana wa Kawu hotonsa a ƙasa da tsinke.

"Malam," haka yake ce min in zai yi min ba'a, "sifirin naka da rana yake tashi daga matattu?"

Ban da amsa, sai na ce a kwance ta.

A bakin gona muka yi aikin, da sassafe, don in kama cutar tana tsaka da aiki. Kawu ya zazzage harsasai, ya leƙa ciki sau biyu, ya miƙo min ita kamar mai ba da 'yarsa aure ga wanda bai yarda da shi ba. Ya fara cewa in danne bututun kafin in warware murfin gaba. Na ce, "Kawu, na sani." Ban sani ba. Sifirin da na yi wa jana'iza a ƙasa yana nan da ransa, a matse, yana jirana. Ina kai zagayen ƙarshe, murfin ya yi tsalle, ya shafi hulata, ya tsallake kunya biyu da wata 'yar korama, ya faɗa cikin albasar maƙwabci.

Wanda bai san yankin Bagudo ba zai ce mene ne a ciki. Gonar Kawu tana Najeriya, albasar kuwa, a faɗar dattawa, tana Jamhuriyar Benin, wadda Kawu har gobe Dahome yake ce mata ko da yake an sauya sunan tun 1975. Kuma tun watan Agustan shekarar Shugaba Buhari ya rufe iyakokin ƙasa. Mai albasar, wani dattijon Dandi daga wajen Madekali, surukin Kawu ne kuma abokin tsokanarsa. Ya tsinci murfin, ya hura masa iska, ya jefa a aljihu.

"Ku kuka ce kada komai ya shiga, kada komai ya fita. Wannan kaya ya shigo ba takarda."

Na yi magiya da Hausa, na yi da guntun Faransancin da ban da shi. Sai da na biya kuɗin fito: goro biyar da alkawarin cire masa ciyawa a kunya uku. Ya miƙo murfin, sannan ya sunsuna yatsunsa ya yamutsa fuska.

"Wa ke shafa wa bindiga man kaɗe?"

Na zare bututun na duba. Sifirin da zoben da ke kansa duk sun daskare cikin wani farin abu mai kauri kamar kitsen rago a kwanon jiya. Man kaɗe ɗumin tafin hannu ma narkar da shi yake, sanyin asuba kuwa ya mayar da shi sabulu. Da rana bututu ya zame yadda yake so, da safe ya tafi rabin hanya ya gaji.

Muka juya ga Kawu. Ya duƙufa yana gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ashe shekara da shekaru man keken ɗinki yake sa mata, na wani ɗan gwangwani mai rubutun Faransanci da yake saya a kasuwar Malanbil, ya rantse na Najeriya ruwa ne. Da aka rufe boda gwangwani ya ƙare, sai ya lallaɓa ɗakin uwargida ya yashe mata kwalbar shafawa. Wata biyu tana zargin amarya.

Wankin ma sai da ya zama shari'a, don a Nuwamba an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kananzir ya zama turare. Fitilar uwargida muka tsiyaye, ta tsaya a kanmu tana lissafi da ƙarfi, ta haɗa da kuɗin man kaɗenta.

Asubar da ta biyo baya muka isa fadama, Mai Doro tana ƙyalli, Kawu yana taku kamar ango. Ba dinya ko ɗaya. Jikokinsa sun riga mu da gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, sun kore ta tas, suna neman naira hamsin-hamsin. Daga hayin korama sai na ji ana kiran "Malam! Malam!" Dattijon ne, yana ɗaga min fartanya.