Lakar da Ba Ta Son Ƙasa

Asabar ɗin nan da ta wuce, ko koko ban sha ba yaro ya shigo ya ce wai Alhaji na sallama da ni. Na ɗauka rasuwa aka yi a layi, don rabon mutumin nan da ƙofar gidana tun ranar da ya zo aron tsani, tsanin da har yau yana wurinsa. Na fito da hula a karkace, sai na tarar da shi gindin darbejiyata, hannu a ƙugu, ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata.

"Malam, wannan bishiyar taka fa sai an rage ta."

Na ce, "Lafiya dai, Alhaji?"

Ya ja ni gaban motarsa, ya nuna mini wani farin ɗigo a kan bonet wanda bai kai ƙwayar wake ba. Kashin tsuntsu ne. Wai in ya kwana yana cin fenti. Bishiyar nan mahaifina ne ya dasa ta, a gindinta aka raɗa wa 'ya'yana suna, a nan aka yi zaman makokinsa. Alhaji kuwa shi ya kawo motarsa gindinta, don man da yake shafa wa motar wai ba ya son rana. Inuwar tawa ce, ya ara bai tambaya ba. Yanzu kuma tsuntsayen ma sun zama nawa, an kawo mini ƙararsu.

Kun dai san irinsu, kowane layi akwai ɗaya. Namu Hilux gare shi, fara, mai ƙofa huɗu. Duk Asabar ana idar da asuba mai ruwa zai turo kura guda cif, a jera bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. Omo haramun ne. Tawul kuwa na ƙirga shida, masu laushi kamar gashin jariri, kowanne da aikinsa: na gilashi ba ya taɓa taya, na taya ba ya kallon bodi. Ruwan wankin yana bin gangara ya taru a ƙofar gidana, in zan tafi masallaci sai na tattare riga.

In an gama wanka, sai ya zura hannu cikin farar leda, ya lumshe ido, ya riƙa shafa bodin a hankali kamar ungozoma na duba ciki. Wai ledar ce ke sa yatsa ya ji ƙurajen da ido ba ya gani. Sai ka ga ya tsaya cak, ya girgiza kai, ya ce, "Akwai aiki a nan." Ban taɓa ganin ya shafa kan autansa haka ba.

Daga nan sai a fito da gwanar. Wani ɗan curi ne shuɗi a cikin gwangwani, kamar cingam ɗin da ƙato ya tauna ya gaji. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Laka ce, Malam. Daga waje." Japanawa ne suka ƙirƙiro ta, kuma ba a kududdufi ake haƙo ta ba, wata irin roba ce da aka cuɗa da lallausan gari mai kankara. Ana fesa ruwa mai santsi a kan fenti, a riƙa zamar da ita gaba da baya, tana tsince ɗigon kwalta da ƙurar ƙarfe da duk wani abin da ya maƙale ya ƙi jin sabulu. In gefen ya yi baƙi sai a ninke, a murza kamar mai cura fura, a ci gaba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: abin yana aiki. Da izininsa na taɓa inda ya goge, santsi kamar bayan farantin tangaran.

Ina tsaye lakar ta suɓuce masa ta faɗi.

Salatin da ya yi sai da matan gidana suka leƙo. Ya sunkuya ya ɗauke ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya dube ta, ya wurga cikin kwata. Na ce, "Haba Alhaji, a hure mana!" Ya ce ai in ta taɓa ƙasa ta tashi aiki, ta kwashi yashi, in aka sake ɗora ta a bodi zane fentin za ta yi. Sabuwa fil ya ɓare.

Jama'a, laka ce fa. Lakar da ke tsoron ƙasa. Tun ranar na kasa barci sosai. Mu da muka tashi cikin laka, aka haife mu a ɗakin laka, muka sha ruwan randar laka, hatsinmu ya shekara a rumbun laka. Lakarmu da ƙafa ake tattaka ta, a zuba mata ciyawa, jaki ya bi ta kai ya bar abin da ya bari, a mulmula tubali a jefa wa magini a sama ya cafe, in ya kuskure ta faɗo a sake jefawa. Da ita aka ɗaga ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, turawa masu digiri a kan gini suna zuwa suna buɗe baki. Ba a taɓa jin ranar da tubali ya faɗi aka yi masa jana'iza ba. Tsire ma in ya faɗi hurewa muke yi mu ce bismillah. Yaro in ya faɗo daga gado a ce girma ne. Amma ga wata laka 'yar gata, ta hau jirgi, ta biya kwastan, ta zo ƙasar laka, kuma sharaɗinta kada ta haɗu da danginta. Ko amaryar da aka kawo daga birni ba ta yi wannan iyayin ba.

Har na fara lissafin jari. Akwai kududdufi a bayan layinmu, lakarsa baƙa ce mai danƙo, ta ci takalman mutane ba adadi. A yanka ta ƙanana, a naɗe a leda mai ƙyalli, a kai kasuwar Ƙofar Ruwa. Tallan ma na riga na tsara: tamu in ta faɗi ƙara ƙarfi take yi.

Bayan laka sai mai. Wani kaki ne mai ƙamshi, shi ma ɗan ƙasar waje. Daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Barazil, jihohin Ceará da Piauí, sunanta karnauba. A sare ganyen, a shanya, a bubbuge garin da ke jikinsa, a narke. Shi ne ma ake shafa wa wasu alewoyi da ƙwayoyin magani su yi sheƙi, ka ga ashe motar Alhaji da alewar yara man shafawarsu ɗaya. Zai shafa da ɗan soso, ya jira ya yi fari-fari, ya goge da tawul na biyar. Sannan ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba a bonet, ya tare masu wucewa su zo su ga yadda ruwan ke dunƙulewa yana gangarewa. Na ga dattijo da zai kai jikarsa asibiti an tsayar da shi kallon ɗigon ruwa.

Duk wannan kuma a tsakiyar hunturu. Ƙurar da ke rufe mu daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, kuma ba ƙura ba ce ta wasa, tana haye Tekun Atilantika har dajin Amazon. Wato Chadi na aika wa Barazil ƙura, Barazil na aiko mana da kaki, Alhaji na tsaye a tsakiya da tawul. Kafin la'asar kana iya rubuta sunanka da na kakanka a jikin ƙofar. Kwalliyar ba ta taɓa biyan kuɗin sabulu ba, balle na laka.

Wani ma ya rubuta. Almajirin da ke yi wa gidajenmu aike, bai fi shekara tara ba, ya sa yatsa ya ja layi ɗaya a ƙurar murfin baya, irin abin da kowannenmu ya yi yana yaro. Marin da Alhaji ya yi masa daga zaure na ji. Robar bararsa ta faɗi, ɗan tuwon da ke ciki ya kife, yaron ya durƙusa yana tsincewa yana hurewa, bai ko yi kuka ba sai da ya sha kwana. Lakar Japan ta faɗi an yi mata salati. Wannan kuwa babu wanda ya ce uffan, har da ni, kuma abin yana cina. Mutumin nan dai shi ne ranar da ladaninmu ya rasu aka roƙe shi ya ɗauki makara a motarsa ya ce birki na ba shi matsala. Bayan azahar birkin ya warke, muka gan shi ya nufi ɗaurin aure.

Abin da ya fi ba ni haushi ma zaɓen motar. Da wata 'yar lafiyayyar mota ce ta zuwa ofis da na yi shiru. Hilux fa! Motar da tun 1968 ake ƙera ta don wahala. A 1987 da irinta da Land Cruiser sojojin Hissène Habré suka fatattaki tankokin Gaddafi, a Fada cikin Janairu, a Wadi Dum cikin Maris, har duniya ta sa wa abin suna Yaƙin Toyota. A can arewacin Chadin dai, inda ƙurar nan ke tasowa. Ƙurar da Alhaji ke yaƙa duk Asabar, a cikinta motarsa ta yi suna.

Ni a-kori-kurar da na sani ita ce ta ranar kasuwa, tsohuwar Fijo 404 haɗin Kaduna. Ƙofa da igiya ake ɗaure ta, tashi sai da turi, kwandasta na lilo a baya da ƙafa ɗaya. Buhun gero a ƙasa, awaki a kai, mata a kan awaki, kaji a hannun mata, wani lokacin har da amarya da gadonta. In ka tambayi direban launin motarsa sai ya yi tunani. Wankinta ruwan sama ne, shekara sau ɗaya, kuma in ta taho tun daga nesa kura ke kama gabanta. Ta Alhaji ko mage ba ta taɓa kora ba. Bayanta an shimfiɗa roba, a kan robar an shimfiɗa darduma don kada robar ta ƙuje. Ragon layyarsa ma a Adaidaita aka kawo, yana biye a baya da fitila a kunne.

Maganar bishiya dai na ce masa zan yi shawara. Da yamma na aika aka auno mini tiya biyu ta gero, kullum da sassafe ina watsa ɗan dunƙule a gindin darbejiyar. Kurciyoyi sun fara sabawa, jiya har tattabarun wani layin sun zo. Uwargida ta tambaye ni yaushe na fara yi wa tsuntsaye sadaka, na ce mata lada nake nema. Shamuwa nake jira, sai dai ita sai damina ta matso.