Tarwaɗa ba duba-gari ba ce

Na san abin da za ku ce tun kafin ku ajiye kofin shayi. Wai duk matsalolin ƙasar Yawuri, daga 'yan bindiga har tsadar man jirgi, ban ga abin ɗaukowa ba sai salga. To Malam, gyara zama. Ai kai ma yau da asuba da ƙafarka ka je, ba aike ka yi ba.

Hujjarku ta farko na haddace ta: tafkin Kainji ya haura murabba'in kilomita 1,200, me ɗan abin da mutum ɗaya ya bari zai yi masa, kifi ma ya cinye. Madalla! Ashe tarwaɗa muka naɗa duba-gari ba mu sani ba, ita ce kuma gobe za a banda a kai kasuwar Yelwa. Sai dai Kawu, ban taɓa ganin ka tuƙa kwale-kwale zuwa tsakiyar tafki don wannan lalura ba. Bakin gaɓa kake raɓewa, taku kaɗan daga inda Inna ke wanke-wanke, jikokinka na ninƙaya.

Sai wani ya ce haka kaka da kakanni suka yi, ba su mutu ba. Sun mutu mana, ko kana da labarin inda suke? Kuma su kogi suka sani mai gudu, mai kwashe kaya ya yi kudu da su, Nupawa su ji da shi. Tun 1968 da aka datse kogin Kwara, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gungaye da gaɓoɓi, ruwan da ke lungunan tungayenmu kwance yake, abin da ka ba shi ajiya zai maido maka. A irin wannan ruwa dodon koɗi ke hayayyafa, shi ne kuma masaukin tsutsar tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, kamar yadda wasu ke faɗa suna murmushi, ciwo ne, kuma fitsarin nasa da ya koma ruwa shi zai kama ƙanensa.

Alaramma na gefe ya gyara murya, ya ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne. Allah ya gafarta Malam, alwala ta yi, ba na ja. Amma ƙwayar kwalara ba ta yi karatun Ishmawi ba. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya, Kebbi na ciki, kuma ba ruwa mai wari kaɗai suka sha ba. Kai ne ma ka koya mana cewa an hana bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da ake hutawa.

Akwai dai inda kuka fi ni gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Da yawanku sun haƙa masai, ruwa ya ci. Tafkin nan sau biyu ake yi masa baƙi: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya iso da sanyin hunturu. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai wajen mita 10 a tsaye. Ramin da ka haƙa a busasshiyar ƙasa da bazara, kafin ka girbe gero ya zama rijiya, kuma shi da rijiyar gidanka sun ƙulla zumunci ta ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikatan lafiya na cewa a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya, gindin rami kuma ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A tudun Shanga wannan mai sauƙi ne. A gungun da in ka yi taku talatin sai ka ji ƙafarka cikin ruwa fa? Sokawe irin na gidajen ma'aikata a Birnin Kebbi, in ka kawo shi nan, ka gina wa kwaɗi ɗaki ne da siminti.

Dabaru ba su ƙare ba. Akwai salgar da ake ɗagawa sama da ƙasa a kan dandamali, a shafe cikinta. Akwai mai rami biyu da aka yaɗa a Indiya, ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu har ya zama taki, ana amfani da ɗan'uwansa. Mai bututun iska da ke kama ƙuda a Zimbabuwe aka ƙirƙiro ta tun shekarun 1970. A tafkin Tonle Sap na Kambodiya, inda gidaje ke yawo a kan ruwa, har ban-ɗaki mai ganga suka yi wanda ke tace ƙazanta kafin ta fita. Masunta ne su ma, ba Turawa ba, kada ka ce mini wannan sai su.

Abin da ya rage shi ne wanda zai ce wacce ta dace da ina. Wannan ba aikin Abuja ba ne. Tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya ɗora wa bahayar jama'a da kwashe ƙazanta da shara, wato sakatariyoyin Yelwa da Wara da Shanga. Na ji ku, da an ce doka sai ku hango mutum da littafin rasit. Kakata ma har ta rasu, in ta ji an ce ga duba-gari, randa take fara rufewa kafin ta amsa sallama. Amma dokar da nake nufi da igiyar awo take farawa, ba da tara ba. A tambayi Sarkin Ruwa inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi cika, ya san wurin kamar tafin hannunsa, a kafa turke. Ƙasa da turken ba mai haƙa rami, sai ɗagaggiya. Sama da shi haƙa abinka. A kuma faɗi inda masu yashe salga za su zubar, don a yanzu dare suke jira, tafkin kuma ba ya kai ƙara.

Kada ku ce talaka ba ya bin doka a ruwa. A shekarun 1990, lokacin aikin kifi na haɗin gwiwa da Jamusawa, an sa lasisin su, an hana tarun dala da ke kwashe 'ya'yan kifi, da sarakuna aka zauna. Kun yi gunaguni, wasu sun saci jiki, amma kowa ya gane ana iya auna idon taru. Idon salga ne ya fi ƙarfin awo?

Gwamnatin tarayya ta fito da umarni a 2019, ta sa wa'adin 2025 a daina bahaya a fili. Jigawa ta kai a 2022, alhali su ma kogin Haɗejiya na cinye su kusan duk damina. Mu kuwa ga bikin Rigata, baƙi sun cika Yawuri daga ko'ina, an sha tseren jirage, an ci soyayyen kifi da yaji har an yi gumi. Can Alhaji baƙo ya matso kusa da kai, ya rage murya, ya ce yana son kewayawa. To Kawu, miƙa masa buta, ni ina nan tsaye in ga inda za ka nuna masa.