Ku Kawo Ebolanku, Ga Shago Nan

Tun ranar da na faɗa a teburin mai shayi, nan bakin inda motocin Kaciya da Kafanchan ke lodi a Sabon Tasha, cewa da za a ɗauko tsohon ɗan dambe Shago na zamanin ƙuruciyarsa ya sa zare da ɗan dambe Ebola, da Ebola bai ga turmi na biyu ba, ban sake shan shayi a natse ba. Wani ɗan acaɓa da ke kirana Kawu ya fara gaishe ni da "sannu, Kawu, ya jikin?" alhali lafiyata ƙalau. Ku ma masu karatu na san irin kallon da kuke yi mini. To ban janye ba. Ku gyara zama.

Hujjarku ɗaya ce, kuma na haddace ta: gani ya kori ji. Ebola kun gan shi, Garkuwan Cindo kun gan shi, Ali Ƙanin Bello ma yana cikin wayarku, kuna iya maido da naushi baya ku kalla sau goma. Shago kuwa, in ji ku, a bakin makaɗi Ɗan Anace kawai muka san shi. Ɗan acaɓan nan har miƙo mini wayarsa ya yi, gilashinta a tsage kamar ƙasar fadama da rani, ya ce, "Kawu, ga namu. Ina naku?" Na karɓa, na ce ya ɗan gangara ƙasa. Ba mu yi nisa ba sai ga wani gwarzon da yake cika baki da shi a kwance, ƙafa a sama, ana yi masa fifita da riga. Wayar da ta nuna ranar da gwaninku ya yi kisa, ita ce ta ajiye ranar da aka kashe shi, kuma ba ta mantuwa. Ni kuwa nawa gwanin makaɗi ne ya ajiye mini shi, kuma kun taɓa jin makaɗin da ya ɗauki kalangu don ya ba da labarin faɗuwar ubangidansa? Ku nemo mini bidiyon Shago a ƙasa, ni zan biya shayin teburin nan na mako guda, har da ƙwai.

Za ku ce wannan ai zamba ce. Na yarda. Amma wa ya fara?

Ku kuka fara, ranar da gardamar ta tsallaka teku. Wani matashi mai gyaran waya ya zo da lissafi kamar malamin makaranta: Trevor Berbick ya doke Muhammad Ali a 1981, Mike Tyson ya turmushe Berbick a zagaye na biyu a 1986 yana ɗan shekara 20. Larry Holmes ya doke Ali a 1980, Tyson ya kwantar da Holmes a zagaye na huɗu a 1988. Saboda haka, in ji shi, Tyson ya fi Ali, a rufe littafi. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya manta ya ce Alin da Berbick ya doka ɗan shekara 39 ne, jiki ya riga ya fara ba shi amsa. Na ce masa, ɗana, mu bi lissafinka har ƙarshe. A Nuwamban 2024 Jake Paul, yaron da ya yi suna a YouTube, ya ci Tyson da maki, Tyson yana da shekara 58. Ke nan yaron YouTube ya fi Tyson, ya fi Berbick, ya fi Alin da ya jingina da igiya a Kinshasa a 1974, ya bar George Foreman ya gaji da duka, sannan ya kai shi ƙasa a zagaye na takwas. Ka yarda? Sai ya ce waya na jiransa a shago.

Kada ku ɗauka mu 'yan teburin shayi ne muka ƙago wannan hauka. Turawan Amurka sun riga mu, kuma su har kuɗi suka zuba. A 1969 aka haɗa Ali da Rocky Marciano, wanda ya yi ritaya da nasara 49 ba a taɓa doke shi ba, suka yi ta dambe na wasa a gaban kyamara, aka ɗauki ƙarshe iri-iri, aka ce kwamfuta za ta zaɓi na gaskiya. Da aka nuna fim ɗin a Amurka a farkon 1970, Marciano ne ya yi kisa a zagaye na 13, shi da ya riga ya mutu a haɗarin jirgin sama 'yan watanni kafin nan. Daga baya aka nuna wa mutanen Turai wani ƙarshen da Ali ya ci. Kun ga kwamfutar ma mai shayi ce, kowa da irin sukarin da take zuba masa.

Wanda ya fi ni rigima a teburin ma ba matashi ba ne. Wani dattijo ne da ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan har ya yi ritaya, yana zuwa karɓar saƙo a tasha. Shi bai san Shago ba, bai damu da Ebola ba. Nasa Dick Tiger ne, wanda ya ce a rediyo ya ji shi yana lallasa Gene Fullmer a Ibadan a 1963. Baba ya dage cewa Tiger zai cinye Anthony Joshua ɗanye. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, Tiger a ajin kilo 72 ya yi wancan damben, Joshua kuwa ya haura kilo 100." Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Andy Ruiz mai tumbi da ya zubar da shi a 2019, da sikeli ya buge shi?" Na yi shiru. Da a ce Ebola ne a wurina, da alƙalin wasa ya ɗaga hannun Baba.

Mu dawo gida. Kun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Madalla, amma a wane daji za a yi farautar? In a gidan dambe irin na yanzu ne, da tikiti a ƙofa, da alƙali mai usur, da babur ko mota an ajiye a gefe ana goge ta, to na ba ku kaɗan, yaranku sun san wurin. Amma a mayar da su dandalin ƙauye bayan kaka, lokacin da mahauta ke bin gari gari, ƙura ta tashi, kalangu na kiran sunan kakan mutum, layu da guraye a damtse, ba wanda zai ɗauka a waya balle a yi gardama gobe. A can hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, shi ke nan, labarin zai riga ka isa garinku. Ko a damben Turawa haka take: Ali zagaye 15 yake shiga a wasan kambu, na yanzu 12 ne iyakarsu. Ku fara sasanta mini wannan kafin ku kawo mini sunan kowa.

Kuma ina da tambaya. Cikin 'yan dambenku na yau, Kudu da Arewa da Guramada, ku ƙirga nawa ne ake kira Shagon wane, Shagon wane. Duk ubangidan da ya samu yaro mai hannu, sunan da yake laƙaba masa ke nan. Kuna yawo da sunan a baki safe da yamma, sannan ku zo ku ce min mai sunan tatsuniya ne.

Jiya ɗan acaɓan ya dawo da sabuwar dabara. Wai akwai manhaja a waya da za ka ba ta sunan 'yan dambe biyu ta gaya maka wanda zai ci. Na ce ya tambaye ta, amma ya fara gaya mata wa zai yi kiɗa a wajen. Yana cikin dannawa caji ya ƙare. Baba ya shanye shayinsa, ya ce wa mai shayi a sa a kan Kawun Shago, ya hau motar Kafanchan.