Wasiƙa daga Kadif: Kada ku taɓa masallacin Kaka

Kadif, ƙasar Wels,
Ranar Lahadi, ana yayyafi kamar kullum.

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu da ke Runka,

Ina Inna, ina amarya da yara? Yaya aka ji da damina, yaya kuma zaman gari? Allah Ya kawo mana ƙarshen abin da ke cikin dajin Rugu, amin. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya mai da ni kamar kazar da ta faɗa randa.

Saƙonka ya iso. Ka ce kwamiti ya yanke a rushe masallacin ƙasa da Kaka ya gina, a tayar da na bulo da tayil. Ka ce waɗanda suka yi fushi kan limanci su ma za su gina nasu a tsallaken hanya, kuma kowane ɓangare ya sa sunana a saman takardar gudummawa. Wato labari ya kai har kasuwar Batsari cewa da shebur nake kwasar fam. Ni da nake yini ina yanke wa tsofaffin Turawa farce! To kafin ka ji maganar kuɗi, gyara zama ka ji ta gini.

Mutanen Wels ɗin nan ba su fi miliyan uku da 'yan kai ba, tumakinsu ma sun ninka su, amma sun gina ɗakunan ibada fiye da 6,000, waɗanda suke kira kafel. Asalin abin rigima ce, irin tamu. Sun ce ba za su bi cocin gwamnatin Ingila ba, suka ware. Jama'ar farko ta taru a ƙauyen Llanfaches a 1639, ana ta korarsu har 1689 da doka ta sakar musu mara. Daga nan sai gini. A rabin farko na ƙarni na 19, duk kwana takwas sai an buɗe sabon kafel, kuma ƙidayar 1851 ta nuna wajen huɗu cikin biyar na masu zuwa ibada can suke zuwa. 'Yan Baftis da nasu, 'yan Metodis kashi-kashi kowa da nasa, masu wa'azi da Welsanci daban, masu Turanci daban. In dattawa biyu suka saɓa, sai ka ga harsashi a ƙarshen layi. Da na ji haka na ce ashe mu da muke jera masallacin Izala da na Ɗariƙa katanga ɗaya, 'yan koyo ne.

Ginin kansa zai ba ka dariya. Fuskar da ke kallon titi an ƙawata ta da ginshiƙai da dogayen tagogi, ga allon dutse a goshi ɗauke da suna da shekara: Salem, Bethel, Ebenezer, an gina shekara kaza, an faɗaɗa shekara kaza. Ka zagaya gefe kuwa, bango ne fili, ko zane babu. Sak babbar rigarka ta Sallah, aiki a ƙirji, faci a baya.

Wata tsohuwa da nake kula da ita ta sa na raka ta nasu ranar Lahadin da ta wuce. Makullin a jakarta yake, ya kai tsawon ludayi. Muna shiga ƙamshin tsohon katako da danshi ya tare ni. Ba gunki, ba hoto. Mumbari ne ƙato a tsakiyar bangon gaba, an ɗaga shi sama har sai an hau matakala, don su wa'azi ne kan gaba. Bene ya zagaye ɗakin ta gefe uku, kowa na kallon mai wa'azi, shi ma yana ganin mai gyangyaɗi. A gindin mumbarin akwai wani keɓaɓɓen benci da suke kira set fawr, babbar kujera, ta dattawan kwamiti. Na ce mata mu ma muna da ita, sahun farko bayan liman, inda ko baƙo ya riga zuwa sai an matsar da shi. Wurin zai ci mutum ɗaruruwa. Na ƙirga waɗanda suka zo: bakwai, har da ni da na tsaya bakin ƙofa riƙe da lema. Ƙaramin sauran ya girmi Inna. Ga bokiti biyu a kan bene suna tarar yoyo.

Ta ce kakanta mahaƙin kwal ne, da kwabo-kwabo suka tara aka yi ginin, aka yi shekaru ana biyan bashi. A farfaɗowar addini ta 1904, lokacin wani saurayi mai wa'azi Evan Roberts, har tsaye ake yi. Yau ramukan kwal sun rufe, jikoki sun watse, gini ya rage wa tsofaffi. Da yawa an sayar: wani ya koma gida, wani shagon kafet, wani ma mashaya, wa'iyazubillahi. Inda nake Juma'a, masallacin Shah Jalal da ke titin Crwys, tsohon kafel ne, 'yan Bangladash suka mai da shi masallaci. Ka ga taubashinka yana sujada inda 'yan Metodis suka yi waƙa.

Na je Morriston na ga babbansu, Tabernacl, na 1872, mai hasumiya kamar za ta tsokale gajimare. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Maesyronnen. Garken shanu ne fa aka gyara wajen 1697, ƙasa-ƙasa, da tsofaffin bencuna. Hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi masu daraja ta ɗaya, ko taga ba a canzawa sai da izini. Mutane na tuƙo mota daga nesa don su ga turken shanu! Mu kuwa ga masallaci mai azara da bakan gizo, da zankwaye a kusurwa, wanda a tsakiyar bazara za ka shiga ka ji kamar an zuba ruwa, wai shi za a rushe a kafa kwano mai gasa ƙeya. Hasumiyar Gobarau da muke kai baƙi Katsina su gani, da siminti aka yi ta?

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Masallaci biyu a unguwar da sahu uku ba ya cika da Asuba, wa zai share su nan da shekara hamsin? Don haka ga hukuncin ubangidanka. Kuɗi na nan tafe ta hannun Kawu, ba ta naka ba, don na san ka da tsiren kasuwa. A nemo tsohon magini, a kwaɓa ƙasa da makuba, a yi yaɓe, a sake indararo kafin ruwan baɗi. Bulo ko ɗaya ban saya ba. Masu fushi kuma ka ce musu rabonsu na cikin yaɓen, su zo su taka ƙasa tare, a yi rigimar limancin a inuwa.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka gaida liman, duk wanda ya kasance a cikinsu.

Naka, ubangidanka na Kadif.

Na manta: kuɗin sharar bana sai na zo. In ka matsu, fara da share masallacin.