Tela, a ɗinka mana rigar tasha

Wanda ya fara ɗinka malum-malum doki ya sani, bai san Hiace ba. Ranar hawan salla a Tibirin Gobir rigar tana wurinta: mutum ɗaya, sirdi ɗaya, iska na kaɗa hannun riga. Mu kuwa da ke tasowa daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, ko daga Gazawa mu bi ta Agye da Cadawa, kujerar mutum uku ake zuba mu huɗu, kamasho na rantsuwa akwai sauran wuri.

Sai ga Alhaji cikin gezna mita goma, ta sha bugu tana ɗaukar ido. "Alhaji, a ɗan gyara." Alhaji ya gyara, rigar ta ƙi. Hannu ɗaya ya lulluɓe wata Hajiya da goyonta, ɗayan ƙofa ta danne shi a waje, yana share wa gwamnati hanyar RN1 kyauta. Tun 2011 da Gazawa ta zama dapartama manya suka ƙaru, yadi ya ƙaru, kujerar mota dai tana nan yadda mutanen Japan suka ƙera ta.

Babbar masifar ita ce aljihu. Kuɗin mota na aljihun wando, wando na ƙarƙashin ƴar ciki, ƴar ciki na ƙarƙashin babbar riga. Yaron mota ya ce a kawo kuɗi, sai layi guda ya karkace kafin Alhaji ya zaro jaka ɗaya, gwiwar hannunsa a haƙarƙarin maƙwabci. An zauna ke nan, ga shingen jandarma, a fito da katin ɗan ƙasa. A sake karkacewa.

Ga kuma son fari. Mutum ya san da buhun aya zai zauna, ya san jar akuyar Maraɗi na ƙarƙashin kujera kuma ba ta neman izini in ta matsu, amma farar shadda zai sa.

Su Hajiya ma da nasu. Ɗaurin kai hawa uku, rufin mota ya mayar da shi hawa ɗaya tun kafin a bar tasha. Mayafin da ke lilo kusa da tayar kabu-kabu kuwa, wannan ya wuce raha, a tattare shi don Allah.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: riga mai launin ƙasa wadda ƙurar hunturu ba za ta tona mata asiri ba, hannu daidai hannu, aljihu mai zif a ƙirji inda yatsa biyu za su kai, da hula mai igiya saboda kabu-kabu.

Na kai wa wani tela wannan shawara. Ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga ƙafa daga keke ba.

"Malam, in ka sauka wurin ɗaurin aure da ita, wa zai ba ka tabarma? Maroƙi ma sai ya ɗauka kai ka kawo kujeru."

Ya ce zai ɗinka in na dage, amma sai bayan salla, yana da malum-malum goma sha biyu a gabansa.